Launin Alƙur'anin Malam: kundin aikin ɗaukar hoto da ajiya

9 ga Nuwamba, 2024

Yau bayan la'asar Baffa ya buɗe mini ɗakin littattafan marigayi Malam, kakanmu. Akwatin ƙarfe biyu ne da gafaka uku. Gara ta taɓa gindin akwati ɗaya, amma Allah ya tsare, ba ta kai ga takardu ba sai gefen wasu wasiƙu. Babban abin da ke ciki shi ne Alƙur'ani rubutun hannu, riwayar Warshu, waraƙa-waraƙa ba ɗinki, a cikin tadarishinsa. Na yi alwala kafin in taɓa. Da na ɗaga waraƙa ɗaya a hasken taga sai na ga alamar jinjirin wata uku a jikin takardar, irin takardar Italiya da fatake suka riƙa shigowa da ita ta Tarabulus da Masar.

Shawarar gida ita ce a ɗauki hoton komai a ajiye, tunda ni ne mai sana'ar hoto a zuriyar. Na zaci aikin sati biyu ne, har sai da Baffa ya ɗora yatsa kusa da wata aya, bai taɓa ba, ya ce in duba. Baƙaƙen da baƙar tawada aka rubuta su, wadda shekaru suka mayar ruwan ƙasa. Wasulla da ja. Hamza ɗigon rawaya ce. Alifin da ake sadarwa kuma ɗigon kore aka ɗora masa. Ya ce, “Ɗana, in ja ya ɓata, karatu ya ɓata.”

Ke nan launi a wannan littafi yana cikin rubutun. Duk hoton da ya kasa raba ɗigon rawaya da tabon tsufa na takarda, ya zubar da harafi.

16 ga Nuwamba

Na kafa wurin aiki a ɗakin zaure na ciki. Kyamara a kan sanda tana kallon ƙasa, fitilun LED biyu hagu da dama, kowace a karkace kusurwa 45, baƙin yadi a shimfiɗe. Na toshe taga da bargo, domin hasken rana na safe daban ne da na yamma, in kuma ya haɗu da na fitila sai a samu fari iri biyu a shafi ɗaya. Fitilun a kan inbata na ɗora su saboda ɗauke wuta.

Bangon ɗakin fentin kore ne, kuma na ga yana zubo korensa a gefen takarda. Mun rufe shi da baƙin yadi. Ƙanena da ke juya mini shafi ya zo da shuɗiyar shadda, ita ma sai da ta bayyana a hoton gwaji. Daga gobe baƙar riga zai riƙa sawa.

23 ga Nuwamba

Allon launi ya iso daga Legas. ColorChecker ne mai gida 24, wanda aka fara yi tun 1976: jere uku na launuka, jere na ƙasa kuma gida shida daga fari zuwa baƙi. Amfaninsa shi ne an riga an auna kowane gida da na'ura, an rubuta ainihin launinsa da lambobi. In na ɗauki hotonsa a ƙarƙashin fitiluna, sai manhaja ta kwatanta abin da kyamarata ta gani da abin da ke rubuce, ta fitar da ɗan fayil da ke bayanin yadda idon wannan kyamara yake gani a wannan haske. Wannan ɗan fayil shi ne furofayil.

Na yi amfani da manhajar ArgyllCMS, kyauta ce. Gida 24 sun yi kaɗan a gina furofayil mai dogon jadawali, don haka na tsaya a kan mai sauƙin lissafi, wanda ba ya ƙirƙiro launi a inda bai auna ba.

1 ga Disamba

Mun ɗauki waraƙa sittin, gaba da baya. A kowane hoto akwai ƙaramin allon launi da ma'aunin santimita a gefe, irin yadda shirin ceto kundaye na Laburaren Birtaniya yake buƙata daga masu yi masa aiki. Kada a yanke su daga kwafin ajiya. Wanda zai buɗe hoton bayan shekara talatin ba zai ga fitiluna ba, amma zai ga allon.

8 ga Disamba

Yau raina ya ɓaci, kuma zan rubuta abin dalla-dalla don kada ya sake faruwa.

Na yi tafiya kwana uku, na bar wa ƙanena ya fitar da hotuna daga ɗanyen fayil na kyamara, wato abin da kyamara ta ɗauka kafin a sarrafa shi. Ya fitar da su a fagen launi na Adobe RGB, amma wurin da ake cewa a cusa furofayil cikin fayil a kashe yake, ni ma ban duba ba kafin in tafi. Ya tura wa Baffa shafi uku a waya. A wayar, ja ya dushe ya koma kamar tsatsa, kore ya yi fari-fari, ɗigon hamza ya kusa narkewa cikin launin takarda. Ganin haka, da kyakkyawar niyya, sai ya bi hotunan duka ya ƙara musu kaifin launi da hannu, ya kuma haskaka takardar har ta yi fari fat. Baffa ya kalla ya ajiye wayar ya ce, “Wannan ba takardar Malam ba ce.”

Da dare na zaunar da yaron na yi masa bayani da abin da ya sani, kuma ina ganin ni ma a wurin bayanin ne abin ya ƙara zauna mini. Hoto a kwamfuta lambobi ne kawai, kowane ɗigo lamba uku: ta ja, ta kore, ta shuɗi. Lambobin nan ba su faɗi launi ba, kamar yadda in ka ce “kwano uku na gero” ba ka faɗi yawan gero ba sai an san da wane kwano aka auna. Kwanon wata kasuwa ya fi na wata zurfi. Adobe RGB, na 1998, babban kwano ne, musamman wajen kore. sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996, ƙarami ne, kuma shi waya da intanet suke ɗauka an yi awo da shi in ba a gaya musu ba. Mun auna da babban kwano, ba mu rubuta sunan kwanon ba, waya ta zuba da ƙarami, launi ya ragu. Hotunan ba su da laifin komai a lokacin. Barnar ta auku ne da aka shiga gyara su da ido.

Abin da ya cece mu shi ne ɗanyun fayilolin suna nan ba a taɓa ba. Na goge duk waɗanda aka gyara.

9 ga Disamba

Ƙa'ida biyu na rubuta da babban alƙalami na manna a bango. Ba a fitar da hoto ba furofayil a cikinsa. Ba a gyara launi da ido.

15 ga Disamba

Akwai umarni biyu a manhajojin hoto da suke zaune kusa da juna, kuma nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Ɗaya laƙaba furofayil ne, ɗaya juyawa zuwa wani furofayil. Laƙabawa ba ta taɓa lambobi, sunan kwano kawai take canzawa, don haka launin da ake gani yana canzawa. Juyawa kuwa sake awo ne da wani kwano: lambobi su canza, launi ya tsaya yadda yake. Hoton da ya rasa furofayil, kuma ka tabbata da wanne aka yi shi, laƙaba masa za ka yi. Hoton da ke da nasa, kana son kwafin da zai yi daidai a waya, juya shi za ka yi. Wanda ya musanya su zai ɓata aiki ba tare da kwamfuta ta yi masa gargaɗi ko ɗaya ba.

Kuma duk sake awo sai ɗan hatsi ya zube, saboda ana cike lambobi zuwa mafi kusa. Shi ya sa kwafin ajiya sau ɗaya tak za a juya shi, daga furofayil ɗin kyamara zuwa fagen da aka zaɓa, kuma a bit 16. A bit 8 kowane launi mataki 256 ne gare shi, a bit 16 kuwa 65,536. Takardar da ta tsufa tana tafiya a hankali daga ruwan madara a tsakiya zuwa ruwan ƙasa a gefe, irin wannan ne ke fara nuna layi-layi in matakan sun yi kaɗan.

4 ga Janairu, 2025

Sati biyu ina juya maganar wane fage zan zaɓa wa kwafin ajiya, domin abu ne da ba na son in canza a tsakiyar aiki.

sRGB na cire tun farko. Yawancin launukan takarda da tawada suna shiga cikinsa, amma in wani rawaya ko kore na zayyana ya fi ƙarfinsa zai datse shi, kuma abin da aka datse ba ya dawowa. ProPhoto na kamfanin Kodak ya ɗauke komai, har ya wuce, don wani yanki nasa launuka ne da idon ɗan Adam ba ya gani. Tsorona da shi na gaba ne: in wata rana wani ya buɗe fayil ɗin da manhajar da ba ta kula da furofayil, ko ya rage shi zuwa bit 8, ɓarnar za ta fi ta 8 ga Disamba muni. Saura Adobe RGB da eciRGB v2. Jagororin FADGI na hukumomin Amurka, masu auna inganci da tauraro ɗaya zuwa huɗu, da na Metamorfoze na ƙasar Holan, su na fi karantawa, kuma na Holan eciRGB v2 suka riƙa don aikin da ake son launi ya fito daidai.

Shi na ɗauka, bisa dalili biyu. Farinsa shi ne ma'aunin farin haske da ake kira D50, irin farin da ICC, wato tsarin da furofayil suke bi, yake lissafi da shi, alhali sRGB da Adobe RGB a kan D65 suke, mai ɗan shuɗi. Sannan matakansa daga duhu zuwa haske sun bi yadda ido yake jin bambanci. Ba na cewa wanda ya zaɓi Adobe RGB ya yi kuskure. Wanda ya yi kuskure shi ne wanda ya zaɓa bai rubuta ba.

Tsarin ke nan: kwafin ajiya TIFF, nau'in fayil da ke adana hoto ba tare da zubar da komai ba, bit 16, eciRGB v2 a cushe. Kwafin rabawa JPEG, an juya zuwa sRGB, shi ma da furofayil a ciki. Ɗanyen fayil a ajiye gefe, ba don shi ne madogara ba, tunda kowane kamfanin kyamara da irin nasa kuma ba a san wace manhaja za ta iya buɗe shi nan gaba ba.

11 ga Janairu

Lissafin wuri: hoto mai ɗigo 6000 a 4000, launi uku, bit 16, ya kama megabayit 144. Furofayil ɗin sRGB da aka saba gani wajen kilobayit 3 ne kawai. Na taɓa jin mai cewa yana cire furofayil don rage nauyin fayil, kuma har yau abin yana damuna.

19 ga Janairu

Hazo ya sauko sosai. Ƙura tana shiga ko ta ina, kuma ta fi son allon launi, gidan baƙi ya fara yin toka-toka. Ba a goge shi da hannu ko da tsumma, iska ake hura masa da ɗan famfon roba, a mayar da shi jakarsa da zarar an gama. Takardun ma sun bushe sun yi ƙaras, sai a hankali. Waraƙa ashirin kawai muka yi yau.

2 ga Fabrairu

Na gano abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da na gwada furofayil, wasu gidajen allon suna kaucewa fiye da yadda ya kamata, kuma kullum gidajen nan dai. Na canza fitila, na sake daidaita haske da farin kwali, ba canji. Ashe a Nuwamba 2014 kamfanin X-Rite ya canza haɗin fentin allon, daga baya ya fitar da sabbin lambobin awo. Allona sabo ne, kwanan watan yana bayansa, ni kuma tsohon jadawali na ba manhajar. Da na sa sabon, kaucewar ta ragu a take.

Wannan ya sa dole in sake fitar da duk abin da muka yi tun Disamba. Ba sake ɗaukar hoto ba, alhamdu lillahi, sake fitarwa kawai daga ɗanyun fayiloli, kwamfuta ta kwana biyu tana yi. Ya kuma koya mini cewa furofayil shi kaɗai bai isa ajiya ba. Yanzu kowane zaman aiki yana da jaka a faifai mai ɗauke da hoton allon na ranar, da jadawalin lambobin da aka kwatanta da shi, da furofayil ɗin kyamara, da kwafin eciRGB v2 kansa, da ɗan rubutu a fayil mara ado: kwanan wata, kyamara, gilashinta, fitilu, manhaja da lambar fitowarta, da sunan wanda ya yi aikin. Na rubuta shi da Hausa da Turanci.

9 ga Fabrairu

Wani abokin sana'a ya ara mini na'urar auna fuskar kwamfuta, na daidaita tawa da manhajar DisplayCAL. Ta yi shuɗi da yawa ashe, kamar yawancinsu. Duk da haka ba da ita nake yanke hukunci ba. Abin da nake dubawa lambobin Lab ne (lamba uku: ɗaya ta haske daga 0 zuwa 100, biyu na karkatar launi) na jeren ƙasa na allo a cikin hoto: gidan fari haskensa ya tsaya wajen 95 zuwa 96, na baƙi wajen 20, na tsakiya wajen 50, sauran lambobi biyun kuma su zauna kusa da sifili, alamar toka ba ta karkata ja ko kore, rawaya ko shuɗi ba. Ido yana gajiya, yana kuma sabawa da kuskure cikin minti kaɗan.

23 ga Fabrairu

Goggo ta kawo wani faifan CD. Shekarun baya an kai wasu wasiƙun Malam wani shagon kwamfuta an yi musu sikanin, kuma biyu daga cikinsu yanzu ba a san inda suke ba, hoton nan ne kaɗai ya rage. Na duba da ExifTool, manhajar da ke karanto bayanan da ke cikin fayil: JPEG ne, ba furofayil, ba allon launi, ba sunan na'ura.

Na daɗe ina kallonsu. Da sRGB sun fi kama da gaskiya, kuma ƙananan na'urorin sikanin galibi shi suke bi. Amma zato ne. Don haka ainihin fayilolin na kwafe su yadda suke ban taɓa ko bit ɗaya ba. Na yi kwafi na biyu na laƙaba masa sRGB, na rubuta a bayaninsa cewa ni na laƙaba, ranar kaza, bisa zato, ba bisa awo ba. Mai zuwa bayana yana da haƙƙin sanin inda ilimi ya tsaya.

15 ga Maris

Azumi. Awa biyu da safe kawai muke yi. Mun kai Suratu Maryam.

6 ga Afrilu

Bayan Sallah 'yan uwa sun taru, kowa yana son a tura masa. Na lura in aka tura hoto a WhatsApp a matsayin hoto, ana matse shi a rage girmansa, in kuma aka tura a matsayin takarda yana isa yadda yake. Na roƙi kowa ya riƙa karɓa ta hanya ta biyu. Amma na san hoto in ya bar hannunka sai yadda aka yi da shi, za a tura, a sake turawa, a ɗauki hoton fuskar waya. A nan ne amfanin juya kwafin rabawa zuwa sRGB ya fito: ko furofayil ya faɗi a hanya, zaton da waya za ta yi daidai ne.

Wani ɗan Kawu ya nemi in ba shi manyan fayilolin ya gyara su su yi kyau, zai buga kalanda. Na ba shi kwafi, na ce ya yi abin da ya ga dama da shi, amma ya sa masa wani suna. Tabon ruwa da ke kan juzu'i na goma sha biyu, Baffa ya ce tun wata damina ce da rufin soro ya yi yoyo Malam yana raye. Ba zan wanke shi daga kwafin ajiya ba.

27 ga Afrilu

Alƙur'ani ya kammala. Kafin in rufe, na sa ExifTool ta bi kowane TIFF ta karanto sunan furofayil da ke cikinsa. Fayil goma sha ɗaya suka fito da sRGB, duk na rana ɗaya, ranar da manhajar ta sabunta kanta ta koma saitinta na asali. Da ido ba zan taɓa ganewa ba. Na sake fitar da su.

Sai bayan wannan na yi wa fayiloli hatimi, wato lambar SHA-256 ta kowane ɗaya, lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil. Jerin yana da muhimmanci, don cusa furofayil ko gyara bayani yana canza fayil, hatimin ya karye. A gama komai tukuna, a buga hatimi, daga nan kuma ba mai taɓawa. Na ɗaure su da tsarin BagIt na Laburaren Majalisar Amurka, wanda ba komai ba ne illa jaka da jerin abin da ke cikinta da hatiman.

18 ga Mayu

Faifai uku. Ɗaya a wurina, ɗaya a ɗakin Baffa cikin akwati da ƙunshin maganin danshi tunda damina ta ƙarato, ɗaya Yaya ya tafi da shi Zariya.

8 ga Yuni

Gwajin da nake jira. Na kira Yaya na ce ya buɗe waraƙa ta farko a kwamfutarsa, wadda ban taɓa gani ba, da wata manhaja daban da tawa, ya karanto mini lambobin Lab na gidajen toka. Ya karanto, ina bi a takardata. Sun zo ɗaya. Hatiman faifansa ma duk sun cika.

Da yamma na kai wa Baffa kwafin rabawa a babbar waya. Ya buɗe farkon Baƙara ya faɗaɗa da yatsa, ya bi layi uku a hankali yana motsa baki, ya tsaya a kan wata hamza, ya wuce. Ya tambaye ni yaushe za a fara akwati na biyu.

Akwati na biyu waƙoƙin ajami ne da wasiƙu, wasunsu da wata tawada mai ruwan shuni da ke ƙyalli in haske ya faɗa mata a karkace. Gwajin farko da na yi ɗazu ta fito shuɗiya fiye da yadda take a ido, kuma allona ba shi da gida mai kama da ita. Na aika a tambayo mini kuɗin babban allo mai gida 140. Kafin ya zo za mu fara da wasiƙun baƙar tawada, ranar Asabar in Allah ya kai mu.